Burauza ta ƙi buɗewa? Dakata, kada ka yi gaggawar fomatin

A sana'armu ta gyaran kwamfuta, ƙorafin burauza na cikin waɗanda suka fi yawan zuwa shago. Wannan ya ce, "Malam, Chrome ɗina ya ƙi tashi." Waccan ta ce, "Da na buɗe sai ya rufe kansa." Mai kafe kuma ya zo hankali a tashe ranar da sakamakon WAEC ya fito, yara sun cika masa shago, kwamfuta ta tsaya cik. Abin da ke damuna shi ne da yawansu kafin su iso wurina an riga an yanke musu hukunci: a yi fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows. Wannan tamkar rushe ɗaki ne don kwaɗo ya ƙi buɗewa. A mafi yawan abin da nake gani, matsalar ba ta kai nan ba.

Abu na farko da ya kamata mai kwamfuta ya sani shi ne burauza kashi biyu ce. Akwai manhajar kanta, akwai kuma wata folda daban da ake kira furofayil, inda take ajiye kayanka: shafukan da ka adana, kalmomin sirrinka, tarihin inda ka shiga, da ƙananan manhajojin da aka maƙala mata, waɗanda muke kira ekstenshan. Idan ka cire Chrome ka sake sakawa, wannan foldar tana nan daram, sai dai in ka zaɓi a share ta. Shi ya sa mutum zai ce maka, "Na cire na sake sakawa, amma bai yi ba." Ai ba zai yi ba, tunda ciwon yana cikin foldar da ba a taɓa ba.

Kafin komai, duba ko burauzar tana nan maƙale a ɓoye. Sau da yawa an rufe tagarta amma ba ta mutu ba, ita ce ke hana sabuwa tashi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Nemo duk inda aka rubuta Chrome ko Firefox ka tsayar da shi, sannan ka sake gwadawa. Ko kuma ka kashe kwamfutar ka kunna. Mutane na raina wannan shawarar, amma tana sallamar masu yawa ba tare da sun biya ko sisi ba.

In ba ta yi ba, sai a tuhumi ekstenshan. A nan ne nake ganin ɓarna sosai, domin yawancinsu mai kwamfutar bai san ma ya saka su ba. Suna shigowa ne a bayan manhajojin sata, da masu sauko da bidiyo, da VPN na kyauta da ake turawa a guruf. Gwajin ba wuya. Idan Chrome yana buɗewa, danna Ctrl, Shift da N. Wannan tagar ta sirri ba ta tafiya da ekstenshan sai wanda ka ba izini. In komai ya tafi lafiya a can, ka gano mai laifi. Shiga chrome://extensions ka kashe su duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama wanda ke kayar da ita. Idan kuwa ba ya buɗewa sam, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta chrome --disable-extensions. Mai Firefox ya riƙe Shift yayin da yake buɗe ta, za ta tashi ba tare da su ba.

Sai babbar matsalarmu a nan ƙasar: ɗauke wuta. Burauza kullum cikin rubutu take a furofayil, ko da kai karatu kawai kake yi. Idan wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu, a kwamfutar tebur da ba ta da UPS ko laftof da batirinsa ya mutu, fayil na iya lalacewa, gobe ka danna ta ƙi motsi. Ga yadda nake yi. Nakan tabbatar Chrome a rufe yake, in danna Windows da R, in rubuta %LOCALAPPDATA%\Google\Chrome\User Data. A ciki akwai folda mai suna Default. Ba na share ta, suna kawai nake canza mata, misali Default-tsoho. Da an buɗe Chrome zai ƙirƙiri sabuwa. In ya tashi, sai in koma tsohuwar in kwafo fayil ɗin Bookmarks zuwa sabuwar, shafukan da mutum ya adana su dawo. Firefox ta fi sauƙi: rubuta about:support a cikinta, ka zaɓi Refresh Firefox. Za ta cire ekstenshan, ta bar maka kalmomin sirri da shafukanka, ta kuma ajiye tsohon furofayil a kan fuskar kwamfuta.

Akwai abin da ko wasu masu gyara ba su lura da shi ba. Kalmomin sirrin da Chrome ke ajiyewa a Windows a kulle suke da asusun Windows ɗin da aka adana su a kai. Ko ka kwafe foldar a filas kafin fomatin, sabon Windows ba zai iya buɗe su ba. Na sha ganin 'yar kasuwa ta rasa hanyar shiga imel da shafinta na Facebook, ga layin da ta yi rajista da shi ya ɓata tuntuni. Wallahi abin da ban tausayi, kuma da an fitar da kalmomin ko an haɗa burauzar da asusun Google kafin a taɓa komai, da hakan bai faru ba.

Idan burauzar tana tashi amma shafi ne ke mutuwa, yana nuna "Aw, Snap!", duba RAM. Laftof ɗin gwanjo da ke hannun ɗalibanmu yawanci 4GB gare su, ga shafuka ashirin a buɗe, ga YouTube, ga WhatsApp. Danna Shift da Esc a cikin Chrome, za ka ga shafin da ke cinye ƙarfin. In kuma tagar tana yin baƙi ko fari fat, shiga Settings, ɓangaren System, ka kashe amfani da katin hoto, domin tsofaffin injina kan gaza a nan. Amma idan kwamfutar ce gaba ɗaya ke mutuwa bayan ta yi zafi, bar burauza ta huta, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka.

Wata gaskiyar kuma mai ɗaci ce. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kuma Chrome 109, wanda ya fito a farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kansa. Har yanzu ana kawo mini irin waɗannan injina daga ofisoshi da makarantu. Babu dabarar da za ta sa tsohuwar burauza ta iya da duk shafukan yau, kuma shiga banki da ita ganganci ne. A nan kam canjin Windows ya zama dole, haka ma idan sauran manhajoji su ma suna faɗuwa ko bairos ya yi katutu. Ko a hakan, a fara kwashe kaya.

Kada ka amince da wani saƙo da ya faɗo maka a shafi yana cewa burauzarka ta lalace, danna nan a gyara. Tarko ne. Chrome daga shafin Google ake sauko da shi, Firefox daga na Mozilla.

'Yan'uwana masu gyara, don Allah mu riƙa tambayar mai kaya abin da ke cikin burauzarsa kafin mu share. Kai kuma mai kwamfuta, duk wanda ya ce maka sai fomatin, tambaye shi ko ya gwada sabon furofayil. In bai gwada ba, ɗauki kayarka ka nemi wani.