Kafin Ka Bar Gaban Mai Ba da Magani: Shawarwari Tara ga Iyalai

A asibiti ko a kemis, sallamar mai karɓar magani ba ta ɗaukar lokaci. A zuba ƙwayoyi a 'yar leda, a ja sanduna uku da biro, a ce "safe, rana, dare," mutum ya ce "to" ya ba na bayansa wuri. Shekaru da dama masu bincike sun ɗauki wannan "to" ɗin da gaske, saboda haka suka yi ta tambayar abin da ke sa marasa lafiya taurin kai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya nuna cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar cuta ba sa shan magani yadda aka tsara musu.

Daga baya akalar bincike ta juya. Aka daina tambayar mutum ko ya gane, aka koma cewa ya nuna. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, an ba marasa lafiya 395 kwalaben magani su karanta. A cikin waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, kusan kashi 71 cikin ɗari sun karanta umarnin shan ƙwaya biyu sau biyu a rana daidai, amma da aka ce su ƙirgo ƙwayoyin wuni guda, kashi 35 kacal suka ƙirgo huɗu. Waɗannan fa da harshensu aka rubuta musu. Ina ga wanda aka rubuta wa da Turanci ko Faransanci?

1. Maimaita abin da aka faɗa maka, ka kuma nuna da hannu. Masana sun kiyasta cewa ana mance kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin likita nan take. Shi ya sa yanzu ake koya wa ma'aikatan lafiya su sa majinyaci ya mayar musu da bayani da bakinsa. Idan ba su nema ba, kai ka fara: "Likita, bari in faɗa ka ji ko daidai ne." Ka ɗaga kowace leda, ka faɗi aikinta, ƙwaya nawa, yaushe. A ganina kunya ta fi rashin karatu yi mana ɓarna a nan. An tarbiyyantar da mu cewa yawan tambayar babba rashin ladabi ne, ga layi a bayanka yana tsaki. Bar su su yi tsakin. Ba su za su kwana da ciwon ba.

2. A faɗa maka lokaci, ba "sau uku" kawai ba. Bincike ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka ce "ɗaya da safe, ɗaya da dare" a kan a ce "sau biyu a rana." Mu kuwa muna da agogon da ba ya ɓata. Maganin da ake so a sha duk bayan awa 8 yana iya zama asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya. Wanda ya sha da karin kumallo, ya ƙara da rana, ya cike da magariba, ya bar jikinsa dare guda babu magani.

Coartem da 'yan uwansa na zazzaɓin cizon sauro sun fi ruɗa mutane. Sha shida ne a kwana 3: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare a kwana biyun da suka rage. Yana kuma son abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai. Wani kwalin ƙwaya huɗu babba ke sha a lokaci ɗaya, wani ƙwaya ɗaya ce mai ƙarfi. Kada ka auna na yau da na bara.

3. Wadda za ta ba da maganin, ita ya kamata ta ji bayanin. A gidajenmu da yawa maigida ne ke zuwa kemis, ko a aiki yaro da takarda, uwargida kuwa ita ke ba da magani. Kafin bayani ya bi ta baki biyu ya isa ɗaki, rabi ya zube a hanya. Idan ba za ta iya zuwa ba, a roƙi mai maganin ya yi bayani a naɗa a waya, ko a kira ta ya gaya mata kai tsaye. Yaro kuwa a aike shi sayen gishiri, ba maganin ƙaninsa ba.

4. A ajiye cokalin kicin. Idan aka ce ƙaramin cokali, mililita 5 ake nufi, cokulan gida kuma kowanne da girmansa. A wani bincike na 2016 a Amurka, an sa iyaye fiye da 2,000 su auna maganin ruwa na yara, sama da kashi 80 cikin ɗari suka yi kuskure aƙalla sau ɗaya, kuma kuskuren ya fi yawa da ɗan kofin awo a kan sirinji. Saboda haka a nemi sirinjin baki mara allura, a sa mai maganin ya ja layi da biro daidai inda za a tsaya.

Maganin gari da ake haɗawa a kwalba, ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa zuwa kan layin da ke jikin kwalbar, a girgiza kafin kowane sha, a zubar da ragowar idan kwanakin da aka rubuta sun cika. Haɗin ruwan gishiri da suga na gudawa shi ma a duba yawan ruwan da aka rubuta. Idan lita ɗaya ce, ledar fiyawota biyu ke nan masu rabin lita.

5. San magani da sunansa, ba da launinsa ba. "Fari da ja" ba suna ba ne, kamfanoni kan canza launi. Haɗarin da ya fi yawa shi ne shan abu ɗaya da suna biyu. Panadol farasitamol ne, kuma akwai shi a cikin magungunan mura irin su Procold. Babba kada ya wuce giram 4 a wuni, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, fiye da haka yana iya lalata hanta. Haka ibuprofen da diclofenac dangi ne. Haɗa su na iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

6. Wanda bai yi boko ba, a zana masa. Masu bincike a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu sun gwada wannan a kan marasa lafiya 'yan ƙabilar Xhosa, aka wallafa sakamakon a 2005. Masu takardar rubutu zalla sun fahimci kashi 70 cikin ɗari na umarnin, waɗanda aka haɗa wa da zane suka kai 95. Amma zane ba ya magana da kansa, sai an yi bayaninsa. A gida, a zana rana da wata a jikin leda, ko a rubuta da ajami ga mai karanta shi.

7. Tambayi ranar dainawa. A binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 a ƙasashe 12, har da Najeriya da Sudan, kashi 64 cikin ɗari sun ɗauka maganin kashe ƙwayoyin cuta na warkar da mura, kashi 32 kuma suka ce ana barinsa da zarar an ji sauƙi. Duka biyun kuskure ne. Maganin tarin tibi yawanci wata 6 ne. Na hawan jini kuwa, awo ya yi kyau ne saboda maganin, ba don cutar ta tafi ba.

8. A gaya maka abin da za ka gani a jikinka. Maganin tibi kan mayar da fitsari ja-ja, na ƙarin jini kan sa bahaya ta yi baƙi, amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari. Wanda bai sani ba sai ya tsorata ya daina a ɓoye. Amma ƙuraje masu yaɗuwa, kumburin fuska ko leɓe, ko sarƙewar numfashi, wannan na asibiti ne nan take.

9. Azumi da maganin gargajiya, a faɗe su a fili. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a 2001 ya gano cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka a watan azumin. Mai irin wannan ciwo ya ga likita tun a Sha'aban a gyara masa lokutan sha, kada ya haɗa na rana da na dare a buɗa baki da ra'ayin kansa.

Haka jiƙo, sassaƙe da duk wani garin magani. Mutane kan ɓoye su don gudun faɗan likita, alhali shi ne ke neman dalilin da ya sa awo ya ƙi daidaita. A zuwanku asibiti na gaba, ku tattara duk abin da majinyacin gidan ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ɗaya ku ajiye a kan teburin likita.