Allurar Adirenalin da Tsayawar Zuciya Farat Ɗaya: Nazari a kan Gwajin PARAMEDIC2

1.0 Gabatarwa

Tsayawar zuciya farat ɗaya yanayi ne da zuciya kan daina harba jini ba zato ba tsammani, mutum ya faɗi a sume, numfashinsa ya ɗauke. Shekaru da dama likitoci na dogaro da allurar adirenalin wajen ceton irin wannan majinyaci, miligiram 1 bayan kowane minti 3 zuwa 5. Aikinta shi ne matse jijiyoyin jini domin jini ya ƙara kwarara zuwa tsokar zuciya. Wannan maƙala ta duba ko farfaɗowar zuciya na nufin tsirar majinyaci da hankalinsa.

2.0 Yadda Aka Gudanar da Gwajin

Jami'ar Warwick ta Birtaniya ce ta jagoranci gwajin, a ƙarƙashin Farfesa Gavin Perkins, aka wallafa sakamakonsa a 2018. An nazarci mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti. An kasa su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka yi musu adirenalin, ɗaya kuma ruwan gishiri marar magani, ba tare da ma'aikatan motar asibiti sun san wanne suke bayarwa ba.

3.0 Sakamako

Zuciya ta farfaɗo kafin a isa asibiti ga kashi 36.3 cikin ɗari na masu adirenalin, a kan 11.7 na ɗaya rukunin. Bayan kwana 30, tazarar ta ragu ƙwarai: kashi 3.2 da 2.4. Haka kuma, cikin waɗanda aka sallama da rai, kashi 31 na masu adirenalin sun sami mummunar illa a ƙwaƙwalwa, alhali a ɗaya rukunin kashi 17.8 ne. Wasu masana na ganin matsewar ƙananan jijiyoyi ce ke rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa.

4.0 Kammalawa

Manazartan sun ƙiyasta cewa sai an yi wa mutum 112 allurar kafin a ceto rai ɗaya, alhali danna ƙirji da mutanen kusa kan yi na ceton ɗaya cikin 15, na'urar girgiza zuciya da lantarki kuwa ɗaya cikin 5. Saboda haka allurar na da amfani, amma ƙaddarar ƙwaƙwalwa ta fi rataya a kan taimakon da aka bayar a mintocin farko, tun kafin likita ya iso.