Ka Zo Shekara Biyu, Ka Yi Talatin: Abin da Ya Kamata Ka Gyara Tun Kana da Ƙarfi

Yawancin waɗanda suka bar Kano, Zariya, Jos ko Kumasi zuwa Ingila da Amurka shekara talatin ko arba'in da suka wuce ba da niyyar zama suka tafi ba. Wasu karatu ya kai su da tallafin gwamnatin jiha. Wasu aikin rediyo ne, a sashen Hausa na BBC a Landan ko na Muryar Amurka. Wasu likitoci ne da malaman jinya da malaman jami'a da suka fita bayan 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira har albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Daga baya cacar bizar Amurka ta kwashi nata rabon. Kowa ya yi sallama da gida da magana ɗaya: in na gama zan dawo. Aka ce bari yara su gama firamare. Aka ce bari su gama jami'a. Yau ga furfura, ga jikokin da ba su taɓa kwana a garin kakansu ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu da suka kama hanyar gabas da niyyar aikin Hajji, da waɗanda suka ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu a Sudan suka yada zango don su yi noma su tara guzuri. Zangon ya zama gari, irin su Mai Wurno, jikokinsu na can har yau. Zama inda Allah Ya ajiye ka ba abin kunya ba ne. Abin da ke cutarwa shi ne mutum ya yi shekara talatin a wuri yana zaman baƙon kwana uku: bai gyara zamansa a nan ba don yana cewa zai tafi, bai gyara komawarsa can ba don bai sa rana ba. In ta Allah ta kasance, mata da 'ya'ya ake bari da wahalar. Shawarata ita ce ka gyara duka biyun, ka bar wa Allah zaɓi.

Fara da takardu

Kada daɗewa ta ruɗe ka. Abin da ya sami mutanen da ake kira 'yan Windrush, baƙin da suka daɗe da zama a Birtaniya, ya isa wa'azi. Dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1971, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, ta bai wa 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune a ƙasar kafin ranar izinin zama na dindindin, amma da yawa ba a ba su wata takarda a hannu ba. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata tsofaffin katunan da ke nuna ranar shigowarsu. Da aka tsaurara doka, aka ɗora wa masu ba da aiki da masu gidajen haya da asibitoci nauyin tambayar takarda, sai dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna aiki suna biyan haraji suka wayi gari ba su da hujja. Wasu sun rasa aiki, wasu an hana su magani, wasu an tsare su, wasu an kore su. Da maganar ta fito fili a 2018, ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus. Mafi yawansu 'yan tsibiran Karebiyan ne, amma akwai 'yan Najeriya da Gana a ciki.

Don haka ka sauko da akwatin nan da ke saman kwaba. Tsohon koren fasfo da aka yanke wa kusurwa, wanda ke ɗauke da hatimin ranar da ka sauka, kada ka yar da shi. Ka haɗa shi da takardun albashi, na haraji, na haya, na aure da na haihuwar yara a jaka ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane shafi, ka bai wa babban ɗanka ko 'yarka kwafi. Idan a Birtaniya kake kuma ba ka karɓi shaidar zama ɗan ƙasa ba, ka sani katunan izinin zama sun daina aiki a ƙarshen 2024, an koma tsarin intanet. Ka sa wani cikin yaran ya zauna da kai ku buɗe shafinka ku tabbatar sunanka da lambar sabon fasfonka sun dace.

Izinin dindindin ma yana da iyaka. A Birtaniya, in ka yi fiye da shekara biyu a jere a waje, ya faɗi. A Amurka, mai katin zama da ya wuce shekara guda a waje ba tare da izinin sake shiga ba ana iya ɗauka ya bar zaman. Wanda ke son ya riƙa yin wata shida nan wata shida can, zama ɗan ƙasa ne kaɗai ke ba shi kwanciyar hankali. Da yawa cikinmu sun ƙi nema don suna ganin kamar juya wa gida baya ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe wata ƙasa ba, Gana ma ta yarda. Kamaru ce ba ta yarda ba, sai 'yan'uwanmu na can su yi tambaya kafin su yi rantsuwa. Yaran da aka haifa a waje kuwa, muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne, su ma 'yan ƙasa ne. A yi musu fasfo da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tun kana raye, domin ranar rabon gado ana iya nema.

Fansho da magani: yi lissafi kafin ka sayi tikiti

Nan ne mafarkin komawa gida yake tsayawa ko ya rushe. Fanshon gwamnatin Birtaniya yana buƙatar aƙalla shekara 10 na biyan inshorar ƙasa kafin a ba ka komai, cikakkensa kuma yawanci sai shekara 35. Ana iya duba adadin shekarunka a shafin gwamnati, wani lokaci har a cike giɓin wasu shekarun da kuɗi. Matan da suka zauna gida renon yara su duba nasu daban, kada a ɗauka na maigida ya wadatar.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun koma: za a biya ka fanshon a Najeriya ko Gana ko Nijar, amma ba za a ƙara shi kowace shekara ba. Adadin da ka tafi da shi, a nan zai tsaya, domin babu yarjejeniyar ƙari tsakanin Birtaniya da waɗannan ƙasashe. Tallafin da ake ƙara wa tsofaffi masu ƙaramin fansho kuwa yakan yanke in ka wuce mako huɗu a waje. Asibitin gwamnati ma da zama ake cin moriyarsa, ba da fasfo ba. Wanda ya tattara ya koma gida dungurungum, in ya dawo neman magani ana iya cajinsa.

A Amurka ana neman maki 40, wato aikin kusan shekara goma, kafin a shiga fanshon gwamnati. Wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya dakatar masa da biya in ya wuce wata shida a waje, inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare kuma galibi ba ta biyan magani a wata ƙasa.

Ka ɗauki takarda da biro. Rubuta magungunan da kake sha kullum, na hawan jini, na sukari, na ido, ka sa a tambayo maka kuɗinsu a garin da za ka zauna da kuma ko ana samun na gaske. Ka tambayi nisan gidanka da asibitin da ke da likitan ciwonka. Sannan ka je ka gwada zaman, kada ka zaɓi lokacin Sallah da kowa ke tururuwar gaishe ka. Ka ɗanɗani zafin Afrilu da ɗauke wuta, ka ga unguwar da damina. Kada ka sayar da gidan da kake ciki ko ka mayar da na hukuma sai bayan wannan gwaji.

Wasiyya

Muna jin nauyin wannan magana kamar mai yin ta yana kiran ajali. Rubuta wasiyya ba ya matso da kwana, addini ma ya kwaɗaitar da shi. In Musulmi ya rasu a Ingila ba wasiyya, dokar ƙasa ce za ta raba dukiyarsa. Mai mata da 'ya'ya, matar za ta ɗauki kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran. Mahaifiyarsa da ke Katsina ba ta da ko sisi, alhali a shari'a tana da sudusi, matar kuma tumuni. Dokar Ingila ta ba ka dama ka rubuta cewa a raba bisa shari'a, tare da sulusin da kake da ikon bayarwa ga wanda ba magaji ba. Ka sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su cikin masu cin gadon. Ka nemi lauya da malami su duba tare. In kana da dukiya a gida, a yi mata tata wasiyyar, a faɗa wa kowane lauya cewa akwai ɗayar don kada wata ta soke wata.

Hajiya, wannan taki ce musamman. Auren da aka ɗaura a gida bisa dokar can, Ingila takan amince da shi. Amma wanda aka ɗaura a falo ko a masallacin Ingila ba tare da rajista ba, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2020 cewa irinsa ba aure ba ne a idon doka. Mace na iya yin shekara talatin a ɗakinta, ranar rasuwar miji a ce ba ta da gado. Ku je ku yi rajista, ku kuma duba sunan wa ke kan takardar gida. Ku tuna cewa sabon aure a doka yana soke tsohuwar wasiyya, sai a sake rubutawa. Haka nan ku rubuta takardar wakilci tun hankali na nan, ku ambaci wanda zai kula da kuɗi da maganar asibiti in tsufa ya kawo mantuwa.

Makwanci

Duk wanda ya daɗe a waje ya san sanarwar nan ta bayan sallar Juma'a: wani bawan Allah ya rasu, ana neman taimakon kuɗin jana'iza, ana zagayawa da kwali sahu-sahu, gawa na jira a asibiti. Kai gawa gida yana cin dubban fam, ga izinin hukuma, ga kwanaki ana jira, alhali an umarce mu da gaggauta binnewa. Kabari a nan ma ba kyauta ba ne. Ka faɗa wa iyalinka ƙarara inda kake so a sa ka, ka rubuta, ka sanar da 'yan'uwa na gida don kada su matsa wa matarka da waya tana cikin takaba. Masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari da yawa suna da asusun jana'iza da ake zuba kaɗan-kaɗan. Ka shiga.

Gidan da ake gina maka

Hoton bulo da kwano a WhatsApp ba shaidar mallaka ba ce. A Najeriya, a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasa na hannun gwamnan jiha, abin da ke kare ka shi ne takarda mai sunanka. Ka sa lauyan da ba dangi ba ya bincika fayil ɗin a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Mai sayen kaya daban, mai duba aiki daban. Wannan ba zargin ɗan'uwa ba ne, kare zumunci ne, domin rigimar fili ta raba 'yan ɗaki ɗaya da yawa. In ka san yaranka ba za su zauna a ciki ba, ka yanke shawara da kanka: haya, sayarwa, ko waƙafi.

Abin da kai kaɗai za ka iya bari

Fansho da fili lauya na iya bin su bayan ranka. Labarinka kuwa in ka tafi ya tafi. Jikarka za ta girma ta so sanin wane gari ne naku, wa ya raka ka filin jirgi, wane aiki ka fara yi, me ka ci a hunturun farko da ba ka san inda ake sayar da gero ba. Ka ɗauko hotunan, ka rubuta sunan kowa a baya da shekara. Ka rubuta sunayen kakanni iya inda ka sani da unguwarku. Ka ce wa yaro ya kunna wayarsa ya naɗi muryarka, ka yi maganar da Hausa ko da ba ya ji duka, zai nemi mai fassara wata rana. In 'ya'yanka Hausarsu ta yi rauni, daina gori, gori ba ya koyar da harshe. Fara da jikoki: gaisuwa, sunayen abinci, tatsuniya kafin barci. Ka haɗa su da sa'o'insu na gida su san juna ba sai ta hannunka ba.

Kafin duk wannan, akwai hirar da gidaje da yawa suke kaucewa. Sau da yawa maigida zuciyarsa na gida, uwargida kuwa tata na wajen jikoki da likitanta da ƙawayen da ta yi shekara talatin tare da su. Kowannensu yana da gaskiya. Ku zauna ku biyu a wannan makon, kowa ya faɗi inda yake so ya ƙarasa kwanansa, sannan ku kira yara ku sanar da su. Wata mai zuwa a gama da takardu da lissafin fansho, na bayansa a ga lauya. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya sa abin da za mu bar wa iyalanmu ya zama sauƙi a gare su.