SHAFIN MANOMA: Tsohuwar Jarkar Soja, Yadda Za Ka Gane Ta Kafin Ka Taya

Cikin tarkacen da masu gwanjo da 'yan gwangwan su ke bazawa ran kasuwa, a kan ga wata irin jarka ta ƙarfe mai nauyi, fentinta kore ko ruwan ƙasa, da hannuwa uku jere a kanta, wani sa'i har da rubutun da ko akawu ba ya iya karantawa. Mai ita ya ce kayan soja ne, ya tsuga kuɗi. Mai saye ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye, don bai san ko tsada aka yi masa ko araha ba. To, ita wannan jarka tana faɗin asalinta da kanta ga wanda ya san inda zai duba.

Jamusawa ne suka ƙago ta. A 1937 wani kamfani mai suna Müller, a garin Schwelm, ya fitar da ita domin sojan Jamus, tana cin lita 20. Da Yaƙin Hitila ya kai hamadar Libiya da Masar, sojan Ingila suna ɗaukar fetur ne a cikin garwa, irin garwar kananzir mai galan huɗu da muka sani a hannun masu sayar da ruwa. Kowa ya san halin garwa: ta sha jijjigar mota kwana ɗaya, sai ta fara yoyo ta gefe. An kiyasta cewa a kan yi hasarar wajen sulusin man kafin ya isa bakin daga. Saboda haka duk sojan Ingilan da ya tsinci ta Jamusawa ba ya yarda ya rabu da ita. Daga baya Ingila da Amurka suka kwaikwaya, aka ƙera miliyoyi. Ingilishi suna yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri, suka ce da ita gwangwanin Jeri. Daga nan ne kalmarmu ta jarka ta fito, har yau mu ke kiran ta roba ma da wannan suna.

Babu abin da aka yi a jikinta don ado. Hannuwan nan uku, na tsakiya na mutum ɗaya ne, na gefe kuwa don mutum biyu su kama ta tare, ko a riƙa miƙa ta hannu da hannu. In babu kome ciki, mutum ɗaya ya kan ɗauki huɗu, biyu a ko wane hannu. Zanen nan da aka lotsa a cikinta yana ƙara wa ƙarfen ƙarfi, yana kuma ba shi damar buɗawa in rana ta yi zafi. Ƙusumbin da ke bayan hannuwa wurin iska ne, shi ya sa ba ta cika har ka, kuma in ta faɗa rafi da fetur a ciki ba ta nutsewa.

Yanzu sai yadda za ka rarrabe su. Fara da marfi. Ta Jamus da ta Ingila marfinsu na ɗanawa ne, mai ƙugiya, a kan buɗe shi da hannu ba tare da sifana ba, kuma yana manne da jarkar, ba ya ɓata. In ka leƙa bakin za ka ga wani ɗan bututu da iska ta ke bi, don mai ya zuba sumul ba tare da kwarkwaɗa ba. Jikinsu ɓari biyu ne aka haɗa da walda, ɗinkin ya bi ta tsakiya ya kewaye, a cikin ɗan kwari don kada ya gogu. Ta fetur ta Amurka kuwa marfinta murɗawa a ke yi, gindinta naɗe bakin ƙarfen aka yi kamar na gwangwani, kuma galan biyar na Amurka ta ke ci, watau lita 19 ba kaɗan. Ɗan kasuwan da ya auna mai da ita a kan lita 20 ya cuci mai saye da lita guda, ko ya sani ko bai sani ba.

Sa'an nan ka shafa ruwa a jikinta ka karanta tambarin. Ta Jamus an buga mata Kraftstoff 20 L, watau mai lita ashirin, da Feuergefährlich, watau a yi hankali da wuta, sa'an nan shekara. Wadda aka yi domin ruwa an buga mata Wasser, sau da yawa kuma da farin fenti an ja mata layi biyu gicciye. Ta Ingila tana da W da D, da hoton kan kibiya a tsakaninsu. Wannan kibiya ita ce shaidar kayan gwamnatin Ingila tun zamanin da, za ka gan ta a tsofaffin shebur da akwatunan soja ma. Ta Amurka tana da USA, a kan kuma sami G ga ta fetur, W ga ta ruwa.

Amma fa a lura, har yanzu masana'antu suna ƙera jarka a kan wannan fasali, domin soja da masu motoci. Hannuwa uku kaɗai ba su mai da ta ta Yaƙin Hitila. Sai in shekarar da ke jiki ta faɗa tsakanin 1937 da 1945.

Batun kuɗi kuwa, jarka ɗaya farashi biyu gare ta, kuma ba su da haɗi. Akwai mutane a Turai da Amurka masu tara kayan yaƙin da, su abin da su ke saye shi ne tambari da shekara da fentin asali. A wurinsu ta Jamus ta farkon yaƙi ta fi ta Ingila daraja nesa, don ta Ingila tana da yawa. Wanda ya sami irin wannan ya kankare ta ya shafa sabon fenti don ta yi kyau, ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. A share ta da tsumma kawai a bar ta. Sai dai kada ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a kan wannan fata. Masu sayen suna nesa, kuɗin aikawa ya kan cinye ribar, kuma akwai tambarin jabu da a ke bugawa don a yaudare su, saboda haka ba su saurin yarda.

Farashi na biyu shi ne namu na manoma, shekara ba ta cikin lissafinsa. Abu biyu za ka tambaya: tana riƙe iska? Me aka taɓa zubawa a cikinta?

Gwajin iska ba wuya. Rufe ta ba kome ciki, ka bar ta a rana har ta ɗauki zafi, sa'an nan ka danna ta cikin kwarkwaro ko rabin duro mai ruwa. Duk inda kumfa ya fito, nan ɓular ta ke. In daga bakin marfi ne, da sauƙi, robar ce ta bushe, a rage kuɗi kaɗan a saya. Ana iya yanko wata daga tsohon tub na mota in ruwa ko iri za a zuba, amma ba ta yi wa fetur, don fetur yana kumbura irin wannan roba. In kuwa kumfan daga ɗinki ne ko kusurwar gindi, tsatsa ta riga ta ci, kuɗinta kuɗin kilo ne kurum. Leƙa cikinta da tocila. Kada ka kuskura ka ƙyasta ashana, kada kuma ka kai wa mai walda wadda ta taɓa cin fetur, don tururin man ya kan daɗe a ciki, ya ga wuta ya fashe.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Fetur ɗin da da dalma a cikinsa, ba a daina sayar da irinsa a ƙasashenmu na kudu da Sahara ba sai wajen 2006. Abin da dalma ta ke yi wa yara kuwa, mutanen Zamfara sun gani a 2010, sa'ad da gubarta ta wajen haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwa. Ban da wannan, ba ka san hannu nawa jarkar ta bi ba, watakila wani ya ajiye maganin feshi a ciki. Saboda haka wadda tambarinta na mai ne, ko wadda ta ke wari, ta zauna a aikin mai, a zuba na injin ban-ruwa. Ko an wanke ta da toka da ruwan zafi, ba ta zama ta ruwan sha ko ta abinci ba.

Wadda ta ci gwajin nan biyu, ita ce abin nema ga mai ajiye irin wake. A shanya waken ya bushe ƙayau, a ɗura da mazurari, ana jijjigawa har ya cika maƙil, ta kan ci wajen tiya shida, gwargwadon tiyar garinku. A ɗana marfi, a ajiye a inuwa bisa katako don kada sanyin ƙasa ya sa ta tsatsa. Ƙwaron da ke cikin waken zai shaƙe 'yar iskar da ta saura ya mutu, shi da 'ya'yansa, ba tare da an sa magani ba. Dabarar ke nan ta buhun nan mai ninki uku da a ke kira PICS, sai dai ɓera ya kan huda buhu, ba ya iya huda ƙarfe. Kada a buɗe sai ta yi wata biyu ko fi, don ko wace buɗewa sabuwar iska ce aka ba ƙwaro. Da bazara a ɗebi ƙwaya ashirin a jiƙa cikin tsumma, a ga nawa suka tsiro kafin a kai gona.