IN FENTI YA FANTSAMA GA JIKIN MOTA

In salla ta gabato, ko an gama ginin kanti ko masallaci, sai a tashi shafen bango. Mai shafe yana bisa tsani, iska yana kaɗawa, ga motar kasuwa tsaye kusa. Kafin a ankara fenti ya yi mata ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Daga nan rigima ta tashi tsakanin mai mota da mai gida, wata sa'a har gaban maigari. Amma sau da yawa ba ɗigon ne ke ɓata mota ba, hannun mai gaggawar kankare shi ne.

Ku san abu guda tukuna. Fentin mota ba shi da kauri. Duka-duka bai fi kaurin takardar jaridar nan da kaɗan ba. Motocin yanzu kuma suna da wani shafi bisa launin, wanda ake ganin abu ta cikinsa kamar gilashi. Shi ne ke sa ƙyalli. In aka karce shi sosai ba ya dawowa, sai an kai garaji an sake feshi.

Don haka kada a taɓa mota da yashi, ko toka, ko soson ƙarfe, ko wuƙa. Waɗannan na tukunya ne.

Aikin fari, a kai mota inuwa, a bari ƙarfe ya huce. A kwara mata ruwa ƙura ta sauka, tun ba lokacin hunturu ba. Ƙura ƙananan duwatsu ce. In ka goga tsumma bisa ƙura, ka yi zane da hannunka.

Sa'an nan a tambayi mai shafe: wane irin fenti ne? Kowane da maganinsa.

In farar ƙasa ce, kada a bari ta kwana, don tana da kaifi, tana cin ƙyallin mota. Ruwa mai yawa da sabuli sun isa. In ta bushe ta bar fari, a matse lemun tsami cikin ruwa, a jiƙa tsumma, a ɗora bisa wurin ɗan lokaci, sai a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Tsami ne ke narkar da ita.

In fentin ruwa ne, wanda ake sirkawa da ruwa, a ɗumama ruwa da sabuli. A jiƙa tsumma mai laushi, irin tsohuwar rigar auduga, a rufe ɗigon har minti 10. Zai yi laushi. Sai a ture shi a hankali da farce ko da gefen katin roba. In ya ƙi, a sake jiƙawa. Haƙuri ya fi ƙarfi ga wannan aiki.

Fentin mai shi ne mai gardama. Ruwa ba ya kama shi. Ana sa kananzir, wato man fitila, kaɗan bisa tsumma, ba bisa mota ba. Amma tsaya! Fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin bakin ƙofa. Goga kaɗan, ka dubi tsumma. In launin mota ya fito bisa tsumma, bari nan take, wannan aikin mai garaji ne. In tsumma bai ɗauki launi ba, sai ka bi ɗigon ɗaya-ɗaya, kana juya tsumma wajen mai tsabta. Da ka gama, wanke wurin da sabuli. In kana da man goge mota, shafa kaɗan, ƙyalli ya dawo. Ɗanyen fenti yana fita da sauƙi. Wanda ya yi kwanaki cikin rana ya riga ya kama.

Wasu za su ce maka ka sa tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da masu feshi ke sirka fenti da shi. Kada ka yarda. Tina ba ta san fentin bango daga fentin mota ba, duka take ci, balle tsohuwar Peugeot 504 wadda aka sake fesawa sau biyu ko uku. Man birki ma haka yake, yana saɓule fenti. Isansi kuwa wuta ce.

Gilashi shi kaɗai ne ake sa wa reza. A jiƙa shi da ruwan sabuli, a kwantar da sabuwar reza, a tura gaba a hankali. Fitilun motocin yanzu yawanci roba ne, reza tana karce su.

Sauran kananzir kuma kada a zuba shi cikin kwalbar lemu a ajiye ƙasa. Yara suna ɗauka abin sha ne. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don man yana iya shiga huhu. A kai shi likita maza-maza.

Mai shafe, kafin ka buɗe gwangwani, dubi inda iska ya nufa. Ka ce wa direba ya ja motarsa nesa. In ba ya nan, a rufa mata tabarma ko tsohon zane.