Idan Za Ka Sansanin Horon Kwale-kwalen Dodo

Duk ɗan'uwanmu da karatu ko kasuwanci ya kai Guangzhou ko Hong Kong, da wuya bai taɓa ganin dogon kwale-kwalen nan mai kan dodo a gaba da wutsiya a baya ba, musamman idan bikin Duanwu ya zagayo a ranar 5 ga wata na 5 na kalandar gargajiyar Sinawa. Suna danganta bikin da mawaƙinsu Qu Yuan, wanda ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tun daga tseren ƙasa da ƙasa da Hong Kong ta fara shiryawa a 1976, da kafa hukumar wasan ta duniya, IDBF, a 1991, al'adar ta zama wasa mai dokoki. Yau jami'o'i da kamfanoni suna da ƙungiyoyinsu, kuma suna maraba da baƙo mai sha'awa. To idan sunanka ya fito cikin masu zuwa sansanin horo, shawarata ta farko ita ce kada ka je da niyyar nuna ƙarfi. Ka je ka gyara yadda filafilinka ke shiga ruwa, ka kuma koyi shigar da shi lokaci ɗaya da na 'yan'uwanka.

Babban jirgin yana ɗaukar mutum 22: matuƙa 20 zaune bibbiyu, makaɗi a gaba, mai juya akalar jirgi a tsaye a baya. Tsawonsa ya haura mita 12, nauyinsa kuwa wajen kilo 250 ne kafin kowa ya hau. Jirgi irin wannan damtsen mutum ɗaya ba ya motsa shi, komai kaurinsa. A 1996 wani likita a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Don McKenzie, ya haɗa ƙungiyar tuƙi ta mata 24 da suka yi jinyar sankarar mama, kuma daga nan irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu a ƙasashe da dama. Saboda haka mace ko namiji, siriri ko kakkaura, kowa yana da gurbi idan ya iya tuƙin.

Daga zama ake farawa. Ka manna ƙugunka da gefen jirgi, ka tokare ƙafarka da kyau a gindin bencin da ke gabanka, nauyinka ya ɗan karkata wajen ruwa. Hannun ƙasa ya riƙe sandar filafili kamar dunƙule ɗaya sama da faffaɗan bakinsa, hannun sama kuma ya fito saman ruwa yadda filafilin zai tsaya a miƙe. Mafi yawan sababbi suna barin hannun sama a cikin jirgi, sai filafilin ya kwanta, ƙarfin ya riƙa tura jirgin gefe maimakon gaba.

Sai miƙa. Ba hannu kaɗai ake miƙawa ba: kana juya gangar jikinka tun daga ƙugu, kafaɗarka ta waje ta yi gaba, har ƙirjinka ya kusa fuskantar abokin zamanka. A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ka kashe yawancin kwanakinka na sansani. Bakin filafili sai ya nutse gaba ɗaya kafin ka fara ja. Ka lura da sabon matuƙi daga bakin gaɓa: zai daki ruwan da rabin baki, ruwa ya fantsama a fuskar na bayansa, kumfa ta taso, ka ji ƙara "fal, fal", shi kuwa yana ganin ya yi aiki don numfashinsa ya hau. Gwani idan ya sa nasa, da ƙyar za ka ji motsi. Bakin ya shige shiru, sandar ta yi nauyi a hannunsa nan take. Ka ɗauke shi tamkar gorar da masu fito ke kafawa a ƙasan kogi su jawo jirgi zuwa gare ta. Idan ya kama, ka danna ƙafa, ka warware juyin da ka yi, ka miƙe zaune. Gadon baya da ciki da cinya su ne masu aikin. Hannun ƙasa ya kasance kusan a miƙe. Da zarar ka ga gwiwar hannunka tana lanƙwashewa da wuri, to da damtse kake tuƙi, kuma damtse ba ya kai ka mita 500.

Fitarwa ba ta son jinkiri. Bakin filafili na kaiwa tsakanin cinya da ƙugu, ka zare shi. Duk abin da ka ja bayan nan ɗaga ruwa kake yi sama, kana danne jirgin, kuma za ka makara a bugu na gaba. Wajen komawa gaba ka saki kafaɗa, ka ja numfashi, domin hutun da za ka samu ke nan.

Ido kuma ba a kan filafilinka zai tsaya ba. Mutum biyu na bencin farko su ne ke yanke saurin tuƙi, makaɗi ma su yake bi da gangarsa. Ka ɗaga kai ka dubi hannun sama na wanda ke can gaba, ka sauka tare da shi. Idan kowa ya tsaya kallon na gabansa kawai, ɗan jinkirin kowane benci sai ya taru, na ƙarshe ya shiga ruwa bayan na farko ya fita. Idan mai horarwa ya mai da kai bencin baya, kada ranka ya ɓaci. Ruwan da ke isowa can ya riga ya motsu yana gudu, kama shi sai mai saurin hannu. Tsakiya ta ƙarfafa ce, gaba kuma ta masu natsuwa da ba sa rikicewa.

A yawancin sansanoni ana ɗaukar bidiyon kowa. Ka kalli naka ko da ba daɗin gani, ka roƙi mai horarwa ya ba ka gyara ɗaya tak, ka fita ruwa da shi a ranka har ya zama jiki, sannan ka nemi na biyu. Kuma a tuƙin sannu ake gyara. Wanda bai iya ba a hankali, idan aka ƙara sauri tsohon halinsa zai koma.

Maganar ƙarfin jiki, sansani ba wurin fara gina shi ba ne. Makonni kafin tafiya ka riƙa gudu ko keke ko iyo don numfashi, ka haɗa da jan jiki sama a kan ƙarfe, da tsugunno, da atisayen tsokar ciki da ta baya. Tseren mita 200 bai kai minti ɗaya ba ga ƙwararru, na mita 500 wajen minti biyu ne, akwai kuma na mita 2000, kowanne da irin wahalarsa. Sau da yawa ana fita ruwa safe da yamma, don haka wanda ya ƙarar da kansa ranar farko zai yi sauran kwanakin yana jan jiki. Kudancin Sin a watannin Mayu da Yuni akwai zafi mai gumi. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, ka ci abinci sosai bayan kowace fita, ka kwanta da wuri. Ka tanadi 'yar shimfiɗar zama mai laushi, don bencin yana saɓule fata. Idan an ba da dama, ka riƙa sauya ɓangare, kada gefe ɗaya na jikinka ya ɗauki nauyin duka. Tsamin jiki ba komai ba ne, amma ciwo mai suka a kafaɗa ko ƙasan baya, wannan ka ajiye filafili ka faɗa wa mai horarwa nan take. Yanka ko ƙujewa kuma a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu bayan an fito, domin ruwan kogi yana ɗauke da cuta.

Da yawa daga cikinmu mun tashi nesa da babban ruwa, kuma kunya takan hana mutum ya ce bai iya iyo ba. Don Allah ka faɗa tun ranar farko. Ka sa rigar kariya ta ruwa, ka ɗaure ta tamau, ka san lambar gurbinka a jirgi da abokin zamanka, domin idan jirgi ya kife shi za ka fara nema, shi ma kai zai nema. Kada ka bar jikin jirgin ka nufi gaɓa kai kaɗai, kuma idan mai juya akala ya ba da umarnin tsayawa, ka kafa filafilinka a ruwa kafin ka tambayi dalili.