Zuwa ga Jikata, a kan Abin da Matiriks Ba Ya Iyawa

 Amaryata, saƙonki ya same ni a 'Yargoje, ƙanenki ne ya karanta mini, don idanun angonki sun fara ƙin ƙananan rubutu. Kin ce kun yi gardama da abokan karatunki a kan ko matiriks zai iya ɗaukar kowane irin sauyi a aljabara, har da wanda ba miƙaƙƙe ba. Ke kika ce zai iya, malaminku kuma ya bi amsarki da jan biro, kina ganin ya zalunce ki. Bai zalunce ki ba. Ki kwantar da hankalinki ki saurari tsohon da ya sha ƙurar alli tun ba a haifi babanki ba.

Mu shiga kasuwa, wurin masu awon hatsi. A ce tiyar masara naira 2,000 ce, ta dawa 3,000. Wani ya auni masara tiya 4 da dawa tiya 5. Mai awo zai ce 8,000 da 15,000, kuɗinka 23,000. Waɗannan farashi biyu da yake riƙe da su a ka, su ne layi guda na matiriks, kuma aikin da ya yi shi ne duk aikin matiriks: ninka kowane abu da lambarsa, a tara. To, lura da halin wannan ciniki. In mai saye ya ninka awonsa, kuɗin ya ninku. In maƙwabta biyu suka haɗa saye, abin da za su biya shi ne dai abin da za su biya da kowa ya je shi kaɗai. Wanda kuwa bai auni komai ba, ba a binsa ko sisi. Sauyin da ke da wannan hali shi ake kira miƙaƙƙe, kuma duk matiriks da haka aka haife shi, komai yawan layukansa.

Yanzu ɗauki abin da ya kayar da ke, wato ninka lamba da kanta. Fili mai taku 10 a tsawo, 10 a faɗi, girmansa 100. Mayar da kowane gefe taku 20, girman ya zama 400. Kin ninka gefe biyu, fili ya ninku huɗu. Ko ki ɗauki 2 da 3: kowace ki ninka ta da kanta ki tara, 13, ki fara tarawa sannan ki ninka, 25. Tun da 13 ba 25 ba ce, babu matiriks ɗin da zai yi wannan aiki, ko za a shekara ana nema.

Na ga dabarar da kika yi, har na yi murmushi. Kin sa ita lambar da ake sauyawa a cikin matiriks ɗin, kika ninka ta da kanta, amsa ta fito. Amma fa, Amarya, wannan kamar mai awo ne ya riƙa sauya girman tiyarsa yana kallon yawan abin da aka zo saye. Ranar da Sarkin Kasuwa ya kama shi, sai dai ya kwashe tabarmarsa. Lambobin cikin matiriks a tsaye suke tun kafin mai saye ya iso.

Inda kike da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne akwai hanyoyin da masana ke bi ta bayan gida. A ce direba zai kai ki Ƙanƙara, kuɗin kujerarki 1,000, kowane buhu 500. Ko ba ki da buhu ko ɗaya sai kin biya 1,000, ka'ida ta karye ke nan. Amma ki lissafa kanki a cikin kaya, ki ce buhu kaza da mutum 1. Sai layin 500 da 1,000 ya yi aikinsa lafiya lau. Wannan ƙarin lamba 1 a ƙarshen jeri yana da asali a aikin Bajamushe August Möbius na 1827, kuma da shi kwamfuta ke matsar da hotuna a wasannin da ƙanenki ya hana kansa barci a kansu. Sai dai ki gane, faɗaɗa fagen aka yi. Matiriks ɗin bai bar halinsa ba, mu ne muka ƙulle lamba ɗaya muka hana ta motsi.

Ɗaya hanyar ta fi wannan amfani, ta kuma fi ta haɗari. Hanya komai lanƙwasarta, in taku biyu kawai za ki yi a kanta, miƙaƙƙiya za ki gan ta. Koma kan filin nan mai taku 10. A daidai nan, duk ɗan abin da kika ƙara wa gefe, girma yana ƙaruwa kamar sau 20 ɗinsa. Ƙara 0.1, lissafi ya ce 102, gaskiya ta ce 102.01, kusan babu bambanci. Amma ki yi gangancin ƙara taku 10 cur, lissafin zai ce 300, alhali mun riga mun san 400 ne. Matiriks ɗin da ke wannan aiki sunan Carl Jacobi yake ɗauke da shi, kuma a kusa da inda aka auna shi kaɗai yake da gaskiya. Manoman Faskari da Sabuwa sun san haka ba tare da allo ba: buhun taki na farko yana ƙara amfani sosai, na biyar bai kai shi ba, in aka zarce sai shukar ta ƙone.

Af, kar ki ɗauka jera lambobi a gidaje baƙon abu ne a ƙasarmu. Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimi. Sunan matiriks kuwa sai a 1850 Sylvester na Ingila ya raɗa shi. Amma hatimi jimlar layukansa ake dubawa, matiriks kuwa aikin da yake yi wa abin da aka ba shi.

Abin da nake so da ke, duk sauyin da aka kawo miki, kafin ki ɗauki biro ki ba shi sifili ki ga ko zai mayar miki da sifili, ki ninka masa, ki tara masa. In ya faɗi ko ɗaya, kar ki wahalar da kanki. Ki koma wurin malaminki da takardar nan, ki gaishe shi, ki nuna masa inda kika kauce.

Ga kuma aikin gida daga angonki. Sauyi ɗaya yana karɓar lambobi biyu ya musanya musu wuri, ɗayan yana ninka su da juna. Wanne ne yake da matiriks, kuma yaya yake? Ki aiko da amsa kafin Juma'a, in ba haka ba babu tsarabar gyaɗa bana.